Gambo Mai Wasiƙa da Hoton Mai Cin Kurwa

Da na dawo Matameye bayan shekara bakwai ina karatu a Maroko, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wayoyin mutane. Duk wanda ya aiko mini da sannu da zuwa, in na duba hoton da ya ɗora a kan lambarsa, sai in ga wani ƙato da takobi, ko mai kwari da baka, ko mai rigar layu har gwiwa. Fuskar ba tasa ba ce sak, amma ba ka isa ka ce ba shi ba ne. Mahamadu mahauci, wanda na bari da tumbi da tsohuwar hula, ga shi a kan tudu riƙe da gatari, bayansa wani gari yana cin wuta, kunnensa na dama da bijimi ya taɓa yagawa yana nan a yage. Na tambayi ƙanwata, ta ce, "Aikin Gambo ne. Kai ma in ka je zai yi maka."

Na je, don in ga yadda ake yi.

Gambo ya girme ni da shekara goma sha biyu. A bayan tagwaye aka haife shi, shi ya sa sunan ya bi shi har cikin takardun lakwal, wato makaranta. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Ubansa tela ne, da an gama girbi zai ɗaure kekensa ya tafi Kano cin rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Don haka ƙanwar uban, Shekara, ita ta riƙe shi. A gindin tandarta ya girma, domin waina take soyawa a ƙofar gidanta tun kafin a haife shi. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya ci wainarta, kuma kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda ba su haɗa komai da ita ba.

Bai wuce kwaleji ba, amma ya fita da Faransanci mai tsabta da rubutu mai kyau. Ya kafa tebur a inuwar wani dogon yaro kusa da meri, wato ofishin magajin gari, yana rubuta wa mutane takardu: neman aiki, neman takardar haihuwa, da wasiƙun matan da mazajensu ke Kano da Legas. Daga nan ya samo sunan Gambo mai wasiƙa. Da waya ta zo, kowace mace ta iya danna wuri ta faɗi abin da ke ranta da bakinta, sai wasiƙa ta mutu. Ya yi rani uku a wani shagon ɗaukar hoto a Kano, ya dawo ya buɗe rumfa a bakin kasuwa, yana cajin wayoyi da hasken rana yana wanke ƙananan hotuna na takardu. Yana da mata ɗaya, Amatullahi, da ƴaƴa mata uku.

Ƙanen Amatullahi, Fahad, shi ya kawo masa sabon aikin. Fahad yana Yamai tare da wasu samari da suka kafa ƙaramin kamfani suna haɗa wasan waya. Wasan irin wanda kowane ɗan wasa ke zaɓar rukunin da zai zama kafin ya shiga ne: mayaƙi, maharbi, mai magani, ɓarawo, maroƙi, kowa da ƙarfinsa da rauninsa. Kowane rukuni yana bukatar hoto. Ba su da mai zane, sai suka koma ga ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da za ka rubuta mata bayanin abin da kake so ta fito maka da hotonsa. Damuwarsu ita ce duk abin da suka rubuta, sai ta ba su Bature cikin sulke an shafa masa baƙin fenti, ko mutum a kan raƙumi tsakiyar rairayi. Fahad ya tuna mijin yayarsa, wanda ya yi shekaru yana sauraron mutane suna kame-kame yana mayar da shi rubutu. Ya aiko masa da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, a motar kasuwa.

Gambo bai taɓa kiran abin da yake rubutawa da wani suna ba sai wasiƙa.

"Wasiƙa ce mana," ya ce mini ranar da na fara zuwa. "Bambancin kawai, wanda kake rubuta wa bai taɓa zuwa garinku ba, kuma ba ya jin kunyar ƙarya. Ka ce masa laya, ya rataya wa mutum agogo. Jiya ya ba maroƙina yatsa bakwai a hannu ɗaya."

Da Faransanci yake rubutawa, amma ya juya mini ɗaya da Hausa don in ji. Na maharbi ce: "Mutum ɗan shekara hamsin da biyar, siriri, kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka saboda ɗaukar kwari. Ƴar shara ta saƙi, rinin bagaruwa, da layu goma sha biyu na jar fata, biyu sun tsufa sun yi baƙi. Ba takalmi, kaushi a dunduniya. Hasken hantsi daga hagu. Bayansa gonar rake da aka sare. Ba sulke, ba raƙumi, ba rairayi, ba murmushi."

Na ce, "Wannan ai kamar ka san shi."

"Na san shi. Yana zuwa daga Yauri ranar kasuwa, yana sayar da zuma. Ni ban iya ƙago mutum ba. In na ƙago, ita ma ta ƙago, sai mu haɗu a kan ƙarya biyu. Gara in ɗauko wanda na sani."

Haka yake aikinsa. Ranar kasuwa sai ya rufe rumfa na ɗan lokaci, ya bi layi-layi da ƙaramin littafi a aljihu, yana rubuta yadda wani ke tsayuwa, inda wuƙa ta taɓa yanke wani, yadda rawanin wani ya karkace. Hoto ɗaya yakan ci wasiƙa talatin ko arba'in, ana gyara kalma ana sake aikawa, ana jiran rezo, wato sabis na waya. Waɗanda aka zana ba su ji haushi ba, murna ma suka yi. Mazan garin da ke cin rani a Najeriya suna da zaurensu a waya, inda ake labarin gida, kuma a can hotunan suka fi kasuwa. Kowa yana so a yi shi mayaƙi. Rukunin ɓarawo ne aka rasa mai so, sai Yunus mai gyaran babur ya ce a sa shi, da sharaɗin a rufe masa sanƙo.

Cikin bazara, saura kamar wata guda ruwa ya sauka, Fahad ya aiko da rukuni na tara. Tsohuwa suke so, wadda ƙarfinta a wasan shi ne ta zuƙe ran abokin gaba daga nesa ta ƙara a nata. Sunan rukunin da Faransanci, ma'anarsa mai cin kurwa. A teburinsu na Yamai wannan layi ɗaya ne a cikin jeri, tsakanin mai magani da maƙeri. A Matameye kalmar da ake da ita ga irin wannan mace guda ce, mayya, kuma ba a faɗinta da wasa.

Gambo ya yi mako yana ƙago tsofaffi. Duk wadda ya aika sai a dawo masa da ita: ba ta da rai, ta yi kama da ta kowane wasa, ina hannun da ya yi maharbi? Ina zaune a rumfar ranar da ya rufe ordinatar ya jingina da bango.

"Wa zan ɗauka?" ya ce. "Duk wadda na sa wa wannan, na kashe ta da ranta." Can ya ce, "Sai dai wadda ta riga ta mutu. Ita ba abin da za a yi mata."

Ya zaɓi kakarsa Ruƙayya, uwar ubansa, wadda ta rasu yana ɗan shekara goma sha tara. Fuskarta ce ya fi sani a duk fuskokin matattu. Na ce masa dabara ce mai kyau. Ina faɗin wannan don kada a ɗauka shi kaɗai ne bai hango ba.

Ya rubuta ta yadda yake tuna ta: doguwa, ƙashin kumatu a fili, tsaga uku-uku a gefen baki, bille guda a kuncin hagu, wushirya, zane baƙi na rini, da wuya ɗauke da jan murjani mai tsohon kuɗin azurfa guda a tsakiya. Sa'an nan ya ƙara abin da wasan ke so: ido fari fat ba baƙi, hannu a miƙe, wani hayaƙi mai siffar mutum yana fitowa daga ƙirjin wani a kwance yana shiga tafinta. A wasiƙa ta ashirin da shida hoton ya fito. Mu biyu muka tsaya kallonsa. Ya aika Yamai kai tsaye, bai nuna wa kowa a gari ba.

Abu biyu ne bai tuna ba. Kakarsa da kakansa auren gida aka yi musu, tsagarsu ɗaya, ita aka yi wa ƴaƴansu, kuma tun da ubansa ya rasu Gwaggo Shekara kaɗai ta rage a Matameye da wannan tsaga. Na biyu, murjanin. Rabon kayan jikin mamaciya sha'anin mata ne, a ɗaka ake yinsa, maza ba sa tambayar wa ya ɗauki me. Shekara ashirin da ƴan kai murjanin yana wuyan Gwaggo Shekara, a ƙarƙashin mayafi, kuma duk macen da ta taɓa zama da ita a gidan suna ta gan shi.

Kamfanin ya ji daɗin hoton har ya sa shi a tallar wasan, da sunan rukunin a ƙasa da manyan haruffa. Fahad, don alfahari, ya tura shi zauren ƴan cin rani, ya rubuta, "Aikin Gambonmu." Ba a yi minti goma ba wani daga Legas ya saki murya yana dariya: "Kai jama'a, wannan ba Gwaggo Shekara ba ce? Ashe shi ya sa ba a iya wuce wainar nan!" Aka bi shi da dariya. Gambo ya rubuta dogon bayani cewa hoton wasa ne, ba kowa ba ce. Saƙonni suka bi ta kansa suka binne shi.

Daga wayoyin maza ya shiga na mata, kuma a can ba a yi dariya ba. Kafin mako ya zagayo labarin ya sake kama. Ba a cewa Gambo ya rubuta, cewa ake na'ura ta nuna. Na ji wata a bakin famfo tana ce wa ƴar'uwarta, "Na'urar da ke ganin jariri a cikin ciki, ita ce za ta kasa ganin wannan? Me ya sa Mahamadu ya fito da gatari, shi da yake yanka, ita kuma ta fito haka?"

Gwaggo Shekara ba ta san komai ba, wayarta ƙarama ce mai maɓallai. Ƙullunta da kan ƙare kafin hantsi ya fara kaiwa azahar. Ƴan lakwal suka koma bin wani lungu. Mace mai goyo in za ta wuce sai ta ja mayafi ta rufe kan jaririn, ta yi gaisuwa daga tsallaken hanya ba ta tsaya jin amsa ba. Gambo yana zuwa kowace safiya ya zauna a kan bencinta ya ci, ya kasa gaya mata.

"Gambo," ta ce masa wata rana ina wurin, "ko kanwar ta yi yawa ne kwanan nan? Ɗanɗana mini da gaskiya."

"Daidai take, Gwaggo."

"To mutane azumi suke yi ban sani ba?"

Ya sunkuyar da kai cikin kwano.

Da ruwan farko ƴan cin rani suka fara dawowa. Cikinsu har da Marwan, ɗan Ummu Salma, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Gwaggo Shekara. Magidanci ne ɗan shekara talatin, yana dako a Legas, kuma yana cikin waɗanda suka yi ta tura hoton suna dariya. Da zazzaɓi ya sauka daga mota. Aka yi kwana biyar ana ba shi ƙwayoyin masu talla da jiƙo. A rana ta shida ya fita hayyacinsa, ya kafe ido a kan katanga yana cewa, "Gwaggo Shekara, ki bari. Gwaggo, ki sake ni." Matan da suka zo dubiya duk sun ji.

A wurin mutanenmu wannan ita ce shaida. In marar lafiya ya kama sunan wani, an ce wanda ya riƙe kurwarsa ke nan. Maganin da aka gada kuma shi ne a kawo wanda aka ambata ya tsallaka marar lafiyar sau uku a gaban jama'a, ya kurkure baki a ba shi ruwan ya sha. Kafin azahar samari sun fara taruwa a ƙofar gidan Gwaggo, suna tsaye kawai. Wani ya kifar da tandarta da ƙafa. Mai unguwa Sallau, dattijo mai sanyin magana, ya aika a kira kowa zaurensa bayan la'asar, kafin abin ya fi ƙarfinsa.

A hanyar zuwa ne Gambo ya gaya mata. Ban ji abin da ya ce ba, ina bayansu ɗauke da ordinatar. Na ga dai ta tsaya, ta dube shi, ta gyara mayafi, ta ci gaba da tafiya.

Zauren ya cika, har waje. Ummu Salma tana zaune a ƙasa, idonta ya kumbura. Ba faɗa ta zo yi ba, roƙo ta zo yi, kuma wannan ya fi faɗan muni.

"Yaya Shekara," ta ce, "shekara talatin muna ɗebo wuta a gidan juna. Ke kika yi mini wankan jegonsa da hannunki. Ban ce kin yi da gangan ba. Taki uku ne kawai. Ki tsallaka mini shi, in ya tashi wallahi ba mai sake tayar da maganar."

Gambo ya nemi izini. Ya buɗe ordinatar ya juya ta wajen mutane, ya ce zai karanta musu wasiƙar da ta haifi hoton, kalma bayan kalma, su ji cewa na'ura ba ta ga komai ba, abin da ya faɗa mata shi ta zana. Ya karanta yana juyawa da Hausa: doguwa, tsaga uku-uku, bille, wushirya, murjani.

"To ai ita ka rubuta," in ji wani daga baya.

"Ba ita ba ce! Ranka ya daɗe, wallahi ba ita ba ce. Kakata ce, Ruƙayya, Allah ya ji ƙanta. Na ɗauki wadda ta mutu ne don kada in cuci mai rai."

Na ga lokacin da maganar ta sauka. Ta fara daga wajen mata, wani ƙaramin motsi, kamar an ja numfashi tare. Wata tsohuwa da ke bakin ƙofa ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe tun daga uwar ne."

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ake cewa: maita a nono ake shanta, daga uwa zuwa ƴa. Gambo ya sani, ni ma na sani. Mun yi ta kallon ordinata har muka manta. Kafin ya yi magana, abin da ake da shi hoto ne da sambatun mai zazzaɓi. Yanzu an samu jika ya ambaci kakarsa da bakinsa a gaban mai unguwa.

Ya rikice. Ya ce su tsaya su gani, zai cire kakarsa ya sa kansa. Ya goge layukan farko ya rubuta nasa: namiji, shekara arba'in da huɗu, gajeren gemu, tabarau mai ɗaurin zare. Rezo ya yi nauyi. Mutum fiye da hamsin suna kallon wani ɗan da'ira yana juyawa. Da hoton ya fito, ga Gambo da farin ido, hayaƙi yana shiga tafinsa.

"Ga shi nan! Ni ma maye ne ke nan? Kowa na rubuta haka zai fito!"

"Kai ɗan namiji ne," in ji wani dattijo, cikin natsuwa, kamar mai raba gado. "Nonon wata ka sha. Zauna, Gambo, ba da kai ake ba."

Sai Gwaggo Shekara ta yi magana. Ba ta tashi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, in na tsallaka shi ya warke, an ce na saki. In na tsallaka ya mutu, an ce na hana. Ummu, na ji tausayinki, Allah ya sani, Marwan ɗana ne. Amma ƙafar nan ba za ta tsallaka shi ba. In na ɗaga ta, na shaida a kan uwata tana cikin kabari, ita da ba ta taɓa cin ko kazar wani ba. Ku kai yaron nan asibiti."

Aka fara hayaniya a waje. Mai unguwa ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce ba wanda za a tilasta wa tsallaka kowa a unguwarsa, duk wanda ya taɓa ta ko ƙofarta shi da kansa zai kai shi wurin jandarma, kuma a nemo mota yanzu. Ummu Salma ta fashe da kuka. Da Gambo da Yunus da ni muka ɗauko Marwan a kan katifa.

Zazzaɓin hanji ne. Aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurai, a kwana na huɗu ya nemi kunu, a na tara ya dawo gida da ƙafarsa. Na yi zaton magana ta ƙare. Da yamma a majalisa na ji yadda ta ƙare: wai ta ji an ambaci jandarma, ta saki. Marwan ya ce bai tuna ya kira sunan kowa ba. Ya ce kuma kunya ba za ta bar shi ya shiga gidanta ba, bai kuwa shiga ba.

Gambo ya kira Yamai. Fahad ya yi ta ba da haƙuri, suka cire tallar, suka sake wa tsohuwar wasan fuska. Bai rage komai ba, hoton yana cikin wayoyi ɗaruruwa. Gambo ya bi mutane gida-gida yana roƙo a goge. Wasu suka goge a gabansa. Waɗanda suka tashi bin maganarsa sosai, nasu hotunan na mayaƙa suka cire daga kan lambobinsu, suka daina zuwa caji rumfarsa. Ya daina fita da littafi ranar kasuwa. Har yanzu yana yi wa kamfanin aiki, amma a ƙarshen kowace wasiƙa yana rubuta: ba tsaga, ba tabo, ba kowa.

Gwaggo Shekara ta sayi sabuwar tanda ta yi mako biyu tana soyawa. Gambo da iyalinsa ne kaɗai masu ci, sai mai unguwa da ke aikowa a karɓo masa, ko da yake an ce awaki ake zuba wa. Ana tsakiyar noman farko ta kulle gidanta, ta hau amalanke da buhu biyu da tabarma, ta tafi ƙauyen Dawce wurin ɗan wani ɗan'uwanta.

Bayan wata guda na raka Gambo a babur. Shuka ta rufe ƙasa, hanya duk laka. Mun same ta a wani ɗaki a ƙarshen gidan, wajen turken awaki, ƙofarsa tana kallon waje. Matar gidan ta gaishe mu da fara'a, amma na lura randar Gwaggo daban take, da moɗarta, da kwanonta. Hoton ya riga ta zuwa Dawce. Ƴan garin ma suna da masu cin rani a Legas.

Ta rame. Murjanin yana wuyanta, wannan karon a kan riga, ba a ƙarƙashin mayafi ba. Ta tambayi Amatullahi da yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko rufin ɗakinta na baya ya zuba. Da azahar aka kawo mata tuwo aka ajiye a bakin ƙofa, aka kawo mana namu a wani kwano can gefe. Gambo ya wanke hannu, ya tsallake namu, ya ja kwanonta zuwa waje inda masu wucewa za su gani, ya zauna a ƙasa ya sa hannu a ciki.

"Zo mu ci, Gwaggo."

"Namiji da gemu, a kwano ɗaya da mace? Tashi ka ba ni wuri."

"A kwanonki na girma."

Wasu mata biyu da suka fito daga gona suka rage tafiya. Wani mai keke ya sauke ƙafa ɗaya. Gambo ya ci loma, ya ƙara, bai ɗaga kai ba. Gwaggo ta dubi matan, ta dube shi. Ta miƙa hannu ta janye kwanon a hankali zuwa cikin ɗaki.

"Ya isa," ta ce. "Ƴaƴa mata uku gare ka. Yau an ce nonon wata ka sha, gobe wani zai ce a bayana ka yi kuka, wa ya san abin da na ba ka? Babbar ta kusa kai munzali, za a zo tambayar asali. Kada ka sake zuwa nan da rana tsaka. In ka matsu, ka aiko da gaisuwa."

"Gwaggo, ni na jawo..."

"Na sani. Wanke hannunka ku kama hanya, hadari na haɗowa."

Ya wanke. Ta tsaya daga cikin ɗaki, ba ta rako mu ko zuwa bakin turke ba. Da muka hau babur matan nan biyu suna nan tsaye inda suke, sai da muka wuce su suka ci gaba da tafiya.